Daga fatar Kano zuwa albasar Galmi: Wa doka ta bai wa haƙƙin ilimin gado?

Fatar da ake jemewa a masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai ana fitar da ita zuwa Italiya da Sifaniya, inda ake ɗinka takalma da jakunkuna masu tsada. Darajarta ta samo asali ne daga abubuwa biyu da ba a ƙirƙira a masana'anta ba. Na farko shi ne jar akuyar Sakkwato, irin da makiyaya suka raina tun kaka da kakanni. Na biyu shi ne sunan da majema da dukawa suka yi wa fatar ƙasar Hausa, suna jima da bagaruwa, suna rini da karan dafi.

An taɓa rasa wannan suna. Fatake sun riƙa ƙetare Sahara da fatar zuwa arewacin Afirka, Turawa kuma suka saye ta a can suka kira ta fatar Maroko.

Abin da dokokin duniya suka tanada

Yarjejeniyar Rio ta 1992 ta tabbatar wa kowace ƙasa iko kan tsirrai da dabbobinta. Ta Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010, ta wajabta neman yardar al'umma kafin a yi amfani da iliminta, tare da raba amfanin da aka samu. A Mayun 2024 hukumar WIPO ta amince da wata yarjejeniya a Janeba, wadda ta ce mai neman rajistar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo iri ko ilimin.

Darasin Galmi

Wani kamfanin iri na Senegal, Tropicasem, ya nemi hukumar OAPI ta ba shi haƙƙin mallakar irin albasar Galmi, wadda manoman jihar Tawa a Nijar suka gada. Manoma da gwamnatin Nijar suka ƙalubalanci buƙatar, kamfanin bai samu sunan ba. Daga baya OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da yankinsu.

Halin da Najeriya ke ciki

Najeriya ba ta cikin OAPI. Tana da ƙa'idojin hukumar NESREA na 2009 kan amfani da albarkatun halittu, amma dokar rajistar ƙirƙira ta 1970 tana kare abin da yake sabo ne kawai, ilimin gado kuwa daɗaɗɗe ne, kuma na jama'a ne. Dokar kare nau'in iri ta 2021 ta fi karkata ga masu samar da sabon iri, abin da ƙungiyoyin fararen hula suka soka.

Muddin majalisa ba ta kafa dokar da ke ɗaure sunan kaya da yankinsa ba, makiyayi da majemi ba su da takardar da za su nuna a kotu idan wani ya sayar da fatarsu da sunan wata ƙasa.