Nama ko Ƙaho: Tarihin Wata Taƙaddama a Farautar Barewa a Amurka

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wata taƙaddama da ta shekara ɗari da ɗoriya tana tashi tana kwantawa tsakanin mafarautan Amurka, watau ko don nama ake harbin barewa, ko kuwa don ƙahon da za a kafa a bango a yi tunƙaho da shi. Za a fi mai da hankali ga Jihar Fensilbaniya, domin tana cikin wuraren da rigimar ta fi daɗewa, ta kuma fi zafi.

Kafin mu yi nisa ya kamata a warware matsalar suna. Dabbar da ake magana a kanta babu ita a ƙasar Hausa, hasali ma a duk faɗin Afirka babu danginta na asali sai wani nau'i da ya saura a dazuzzukan Aljeriya da Tunisiya. Mun ara mata sunan barewa ne kurum saboda kamar jiki, kamar yadda masu fassara suka saba yi. Amma ƙahonta daban yake da na barewarmu ko gada ko gwanki. Nasu na dindindin ne, kuma ba shi da rassa. Nata kuwa ƙashi ne mai rassa kamar itace, namiji ne kaɗai yake da shi, yakan zubar da shi da hunturu wani sabo ya tsiro, kuma galibi na bana ya fi na bara girma har dabbar ta kai shekara 5 ko 6. Namiji ɗan shekara ɗaya da rabi ƙahonsa bai kai a nuna wa baƙo ba, ga shi kuwa namansa da taushi. Tsohon namiji mai ƙasaitaccen ƙaho namansa da tauri, da kuma ɗan wari in lokacin barbara ne. Mace kuwa nama ce zalla. A nan tushen taƙaddamar yake.

Daga Kasuwa zuwa Bango

A ƙarni na 18 fata ce abin nema. 'Yan asalin ƙasar, musamman ƙabilun Creek da Cherokee, su suke harbi, fatake Turawa suna saye, ana lodin dubban fatu kowace shekara daga tashar jiragen ruwa ta Charleston zuwa Ingila, inda ake ɗinka wanduna da safar hannu da su. Da jirgin ƙasa ya ratsa ƙasar a ƙarni na 19, sai nama ya zama haja, 'yan kasuwar harbi suna cika taragu da shi zuwa manyan birane. Aka haɗa wannan da saran daji, har ya zamana wajen shekarar 1900 barewa mai farar wutsiya, wadda a dā ake lissafinta da miliyoyi, an ƙiyasta ba ta wuce rabin miliyan ba a duk ƙasar.

Waɗanda suka tashi don ceto ta masu hannu da shuni ne da suke farauta don nishaɗi. A watan Disamba na 1887 Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, da George Bird Grinnell da wasu abokansu suka kafa Ƙungiyar Boone da Crockett. A wurinsu mutumin kirki shi ne wanda ya bi dabba da ƙafa, ya ba ta damar tsira, ya zaɓi babban namiji guda ya harba, ya bar sauran. Mai harbi don sayarwa kuwa mahauci suka ɗauke shi. Wani ɗan ƙungiyar, John Lacey, shi ya kai dokar 1900 gaban majalisar tarayya, wadda ta hana ƙetara iyakar jiha da naman da aka harba ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi kuma suka bi ɗaya bayan ɗaya suka haramta cinikin naman daji. Har yau wannan hani yana nan: mafarauci a Amurka yana iya cin barewarsa, yana iya kyauta da ita, amma a kusan duk jihohi ba shi da ikon sayarwa, alhali a Birtaniya halal ne a kai wa dillali.

Dole a faɗi cewa a cikin wannan gyara akwai ƙamshin bambancin aji. Talakan ƙauye da yake harbi don tukunyar gidansa an sa shi a kwando ɗaya da ɗan kasuwa, kuma ba a tambaye shi ba. Duk da haka gyaran ya yi aiki, kuma mai son ƙaho ne ya jawo shi.

Sannu a hankali ƙaho ya sami ma'auni. Ƙungiyar ta buga littafinta na farko na manyan ƙahoni a 1932, sa'an nan a 1950 ta tsayar da tsarin awo wanda ake bi har yanzu: a bar ƙaho ya bushe kwana 60, a auna tsawo da kauri da faɗi da inci, a rage maki gwargwadon yadda dama ta saɓa da hagu. Labarin James Jordan ya nuna yadda darajar abin ta sauya cikin rayuwar mutum guda. A 1914 ya harbe wani namiji a Wiskonsin, ya ba mai gyaran kawunan dabbobi kan, mutumin ya ƙaura, kan ya ɓace. Bayan shekara arba'in da wani abu aka tsince shi a wurin gwanjon tsofaffin kaya, aka saye shi a kan 'yan daloli. Da aka auna sai ya zama babu kamarsa a duniya cikin irinsa. Ba a tabbatar wa Jordan da shi ba sai a 1978, bayan ya rasu, kuma ƙahon ya riƙe kambunsa har 1993, lokacin da wani manomi a Kanada, Milo Hanson, ya harbo wanda ya fi shi.

Rigimar Fensilbaniya

An kafa hukumar kula da namun daji ta Fensilbaniya a 1895, a lokacin da ganin sawun barewa a jihar ya zama labari. Daga 1906 hukumar ta shiga sayo barewa daga wasu jihohi, ta fara da Mishigan, tana sakinsu a daji. A 1907 aka kafa dokar da ta hana harbin mace sam-sam, sai namiji mai ƙaho a bayyane. Hikimar dokar a fili take: namiji guda yana iya barbarar mata da yawa, mace mai ƙoshi kuma takan haifi tagwaye, saboda haka ana iya kashe maza da yawa garke bai daina ƙaruwa ba. Daɗin daɗawa, dajin da aka sare ya yi sabon toho daidai bakin dabba, kyarkeci da damisar ƙasar kuwa an riga an ƙarar da su.

Cikin shekara ashirin garken ya fi ƙarfin dajin. Barewa ta cinye toho iyakar inda wuyanta ya kai, ta faɗa wa gonaki da lambuna, in hunturu ya tsananta kuma a tarar da gawarwakin ƙanana birjik, yunwa ta kashe su. A 1923 hukumar ta gwada buɗe harbin mata a wani ɗan yanki, a 1928 kuma ta rufe harbin maza a duk jihar ta ce mata kaɗai za a harba. Mafarauta suka yi ca a kanta. Abin da aka kafa a matsayin dabarar ɗan lokaci ya riga ya zama aƙida: uba ya koya wa ɗa cewa namijin duniya ba ya harbin uwa, kuma mai cin naman mace ɓarawon garken baɗi ne. Irin wannan bore ya sami Aldo Leopold, marubucin littafin farko na ilimin kula da namun daji a Amurka (1933), sa'ad da ya goyi bayan harbin mata a Wiskonsin a 1943.

Abin mamaki shi ne dokar da aka yi don martaba ƙaho ita ce ta hana ƙaho girma. Da yake kowa namiji yake nema, duk wanda ya fito da ɗan tsinke a ka sai a harbe shi a shekararsa ta biyu. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20, wajen kashi 80 cikin 100 na mazan da ake kashewa a jihar 'yan shekara ɗaya da rabi ne. Matan da aka bari kuma sun cinye abincin da zai gina ƙashin ƙaho. Garin neman gira an rasa ido: babu babban ƙaho, naman da ya fi yawa an haramta wa kai, dajin kuma ya kasa maye manyan itatuwansa.

Maganin ya ɓullo daga Teksas, inda Al Brothers da Murphy Ray suka buga wani littafi a 1975 suna cewa a ƙyale ƙananan maza su girma, a rage mata har garke ya yi daidai da abincinsa. A 1988 aka kafa ƙungiya a Karolaina ta Kudu don yaɗa wannan ra'ayi. A Fensilbaniya Gary Alt ne ya ɗauki nauyin, masanin dabbobi da aka damƙa wa sashen barewa a 1999. A 2001 aka haɗa lokacin harbin maza da na mata cikin mako biyu, a 2002 kuma aka hana harbin namijin da bai kai rassa 3 a gefe guda ba, 4 a wasu yankunan yamma. Ma'anar wannan ita ce, wanda yake son nama ya nemi mace, wanda yake son ƙaho ya yi haƙuri. Alt ya zagaya jihar yana taro da mafarauta, har ta kai shi ga sa rigar sulke saboda barazana, kuma a ƙarshen 2004 ya ajiye aikin. Dokar rassa dai ta zauna, mazan da ake harbowa sun ƙara shekaru, amma ƙorafin cewa an ƙarar da barewa a dazuzzukan gwamnati bai mutu ba. Wiskonsin ta fi haka tsanantawa: daga 1996 ta riƙa tilasta wa mafarauci a wasu yankuna ya fara kawo mace kafin a ba shi izinin namiji, har majalisar jihar ta soke tsarin a 2011 saboda ƙin jininsa da aka yi.

A ganina wannan sulhu bai raba gardama ba, ya dai sauya wanda yake biyan kuɗinta. Mai hali da yake da fili nasa, ko yake hayar daji, yana iya jiran namiji shekara huɗu. Ma'aikacin da yake da hutun kwana biyu a shekara, in ƙaramin namiji ya gifta ta gabansa doka ta ce ya sauke bindiga, wataƙila ya koma gida hannu rabbana. Wanda ya harbi mata fiye da cin gidansa kuma ba shi da kasuwa, shi ya sa tun 1991 ake da shiri a Fensilbaniya na karɓar naman a niƙa a raba wa mabukata.

Sa'an nan ga wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa ta rame ta mutu, wadda aka fara gani a Kolorado a 1967, ta iso Fensilbaniya a 2012. Bincike ya nuna ta fi kama manyan maza, watau daidai waɗanda sabon tsarin yake tanadi, kuma hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a ci naman dabbar da gwaji ya nuna tana ɗauke da ita. Saboda haka Jihar Misuri ta janye dokar rassa a yankunan da cutar ta ɓulla, ta mayar wa mafarauta izinin harbin ƙaramin namijin da aka shekara ana roƙonsu su ƙyale.