Wai Ina Sauƙin "Simple Present"?

A Sabon Zongo, unguwar da Malam Bako ya kafa a Akra farkon ƙarni na 20, yaro kan gamu da lokutan aikatau a wurin malamai biyu. Mai shirya shi wa jarrabawar BECE zai jera masa simple present, simple past da simple future a allo. Malamin nahawu kuwa, in karatu ya kai ga Ajurumiyya ta Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, zai kasa masa fi'ili gida uku: mali, mulari'i da amri. Da lam muke faɗin biyun farko, kamar yadda ladin Larabci ya zama lam a alƙali da alwala.

Mu fara da tense. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci, tens, ita kuma daga Latin tempus, wato lokaci. Ba ta haɗa dangi da ɗaya tense ɗin mai nufin ɗaurewar jijiya, wadda ta fito daga tendere, miƙewa. Kama da wane ba ta wane!

Simple ce ta fi jan hankalina. Yaro na jin ta sai ya ɗauka "mai sauƙi" ake nufi. Tushenta simplex, falle ɗaya, abin da ba a ninka ba. Zancen siga ne: he eats aikatau ne tilo, he is eating kuwa ya ɗauko mataimaki. To, a wannan ma'auni, ina simple future ta samu shiga, alhali he will eat ma da mataimakinsa yake tafe? Shi ya sa masana da dama ke cewa lokuta biyu kaɗai ke sauya jikin aikatau na Turanci.

Will ɗin nan asalinta "so" ce. Za tamu ta tafiya ce, kamar a "za ni kasuwa". Turancin Buroka na unguwar Nima a Akra, wanda Magnus Huber ya nazarta a littafinsa na 1999, shi ma da tafiya yake nuna gobe: I go chop. A nan Buroka da Hausa bakinsu ɗaya.

Sai present. Mai waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Maamobi, in aka ce she sells waakye, ba a ce tana kan zubawa yanzu ba. Ƙila ma tana barci. Sana'arta aka faɗa. Masu nahawun Hausa sun raɗa wa "takan sayar" lokaci na sabo, suka bar lokaci mai ci wa "tana sayarwa". A ganina sunanmu ya fi faɗin gaskiyar aikin, kuma da malamin Turanci zai aro shi na minti biyar, da yara sun huta da I am going to school every day.

Amma ba komai sabo ya rufe ba. I know da I agree duk simple present ne, mu kuwa "na sani" da "na yarda" muke cewa, da sigar shuɗaɗɗen lokaci, ko da yanzun nan muke nufi.

Larabawa sun kauce wa wannan rigima. Mulari'i ba ya nufin yanzu ko gobe; ma'anarsa "mai kama", don masanan nahawu sun ga ya yi kama da suna wajen karɓar i'irabi. Da kamanninsa suka yi masa suna, suka bar jimla ta fayyace lokacin.