Gardamar Zubar Da Ciki Da Kuɗin Baitulmali

'Yar uwa, na san wannan magana ce da ba mu yin ta sai mun rage murya a uwar ɗaka, to amma manyan maza sun daɗe suna yin ta a majalisu da babbar murya, alhali jikinmu ake nufi. Shi ya sa na ga ya dace mu san mafarinta.

Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960, zamanin Sardauna, ta yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar da ciki, sai fa idan an yi ne don ceton ran uwa. A 1981, lokacin mulkin Shagari, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta kai ƙudiri Majalisar Wakilai a sassauta dokar. Malaman addini suka yi ca, ƙungiyar mata ta ƙasa ma ta ƙi, ƙudirin ya bi ruwa. Jihar Imo ta gwada a 2012, ta janye a 2013. Legas ta fito da ƙa'idoji a 2022, ba a yi wata guda ba aka jingine su.

Mu nan gida kuwa, Shari'a ta fara aiki a Zamfara a watan Janairu na 2000, bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau. Malamanmu na Malikiyya sun tsananta hani tun farkon shigar ciki, amma sun yarda ran uwa abin ceto ne. A shekarar ce wata kotu a Tsafe ta hukunta wata yarinya da aka samu da ciki, aka yi mata bulala 100 a Janairun 2001. Mazan da ta ambata suka musanta, suka tafi abinsu. Wallahi duk budurwar da ta ji labarin nan ta gane ita kaɗai ciki yake tona wa asiri, kuma irin wannan tsoron ne ke kai wasu bayan kantin kemis su sha abin da zai halaka su.

Sai batun kuɗi. A Amurka tun 1976 aka hana taɓa kuɗin gwamnatin tarayya don zubar da ciki, in ban da 'yan dalilai kaɗan. A 1984 Shugaba Reagan ya ƙara da cewa duk ƙungiyar ƙasar waje da ke yin aikin, ko take kira gare shi, ba ta ba tallafin Amurka na tsarin iyali. Clinton ya soke a 1993, Bush ya maido a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya maido a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake maidowa a 2025. To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne ƙungiyoyin da akan yanke wa tallafin, su ne dai masu kawo maganin tazarar haihuwa da horar da ungozomomi.

Ni dai ba kiran a halatta abin da Allah Ya hana nake yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne matar aure a ƙauyen Bunguɗu da ta yi ɓari ba da son ranta ba, jini na zuba, ana neman motar da za ta kai ta Gusau wankin ciki. Babu malamin da ya hana a cece ta. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya, har yau tarayya ba ta cika ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a 2023 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne.

Don haka idan 'yan siyasa sun zo ƙofar gida da atamfa da sabulu, ki tambaye su nawa suka ware wa ɗakin haihuwa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya shirya mana zuri'a, amin.