Daga Gwangwanin Fim Zuwa Rumbun Intanet: Tarihin Ajiya Da Asara

A ranar 9 ga Yuli, 1937, gobara ta tashi a wani ɗakin ajiya na kamfanin Fox da ke garin Little Ferry, a jihar New Jersey ta Amurka. Lokacin zafi ne, kuma zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda in ya sha zafi yakan kama da wuta da kansa, ruwa ma ba ya kashe shi. Kafin gari ya waye yawancin finafinan da kamfanin ya shirya kafin 1932 sun zama toka. A 2013 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoto cewa kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da fim ba ya magana sun ɓace har abada. Ka ji fa, mai karatu, a ƙasar da ake ganin ta fi kowa iya adana kaya.

Da kwamfuta ta shigo sana'ar sai aka ɗauka an rabu da wannan fargaba. Ashe da sauran rina a kaba. Cikin 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin zane mai suna Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ma'aikaci ya ba babbar kwamfutar kamfanin umarnin gogewa a inda bai dace ba. Ma'aikata na kallo sassan taurarin fim ɗin suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin a zare wayar wuta kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi. Aka garzaya wajen kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne wata babbar jami'ar fasaha, Galyn Susman, wadda ta haihu ba da jimawa ba, don haka tana ajiye kwafin aikin a kwamfutar gidanta saboda ta riƙa aiki tana reno. Haka aka naɗe kwamfutar nan da barguna, aka saka ta a mota, aka taho da ita ofis a hankali kai ka ce mara lafiya aka ɗauko. Fim ɗin ya fito a Nuwamba 1999. (Ita kuwa Susman tana cikin waɗanda Pixar ya sallama daga aiki a 2023. Duniya kenan.)

Abin da Turawa ke kira ajiya a "gajimare" ya kankama ne a watan Maris 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya buɗe rumbunsa mai suna S3, yana karɓar santi 15 na dala a kan kowane gigabayit a wata. Sunan ne ke ruɗar mutane. Kayan ba sama suke hawa ba, manyan kwamfutoci ne jibge a gine-ginen wani kamfani, kai kuma kana biyan haya, tamkar ɗan kasuwar da ya kama sito a Kantin Kwari. Dropbox ya biyo baya a 2008, Google Drive a 2012.

A harkar fim, Netflix na cikin manyan da suka fara yin ƙaura. A watan Agusta 2008 ma'adanar bayanansa ta lalace, ya yi kwana uku bai iya aika wa masu haya faifan DVD ba. Daga nan ya fara kwashe kayansa zuwa rumbun Amazon, bai gama ba sai Janairu 2016. Shekara bakwai cur! Kwashe bayanai masu yawa ta waya aiki ne mai cin rai, shi ya sa a 2016 Amazon ya fito da tirela sukutum, mai suna Snowmobile, wadda ke zuwa ƙofar kamfani ta ɗebi gigabayit miliyan 100 ta kai rumbu ta kan titi. An daina wannan hidima a 2024.

A ganina wajen ƙaurar nan ne aka fi tafka asara. A watan Maris 2019 kamfanin Myspace ya amsa cewa wajen sauya kwamfutocinsa ya rasa waƙoƙin da aka ɗora daga 2003 zuwa 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Mawaƙin da bai riƙe nasa kwafin a gida ba, shi ke nan. Gobarar ma ba ta bar mutane ba: a ranar 10 ga Maris, 2021, wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, kuma wasu masu hulɗa da shi suka gano cewa kwafin ko-ta-kwanan da suke taƙama da shi a harabar guda yake da na asali. Sai kuma Mayu 2024, lokacin da kuskure a rumbun Google ya goge ajiyar UniSuper, wani asusun fansho na Ostireliya mai mambobi sama da rabin miliyan. Kwafi biyun da ke wurare daban-daban duk suka tafi tare, domin a asusu ɗaya suke. Wani kwafi da aka ajiye a hannun wani kamfani na dabam ne ya taimaka aka dawo da su. Labarin kwamfutar maijego ne ya maimaita kansa bayan shekara 26.

To, ina mu 'yan fim ɗin Hausa muka tsaya? Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, dukiyar furodusa ita ce masta. A da, ita yake miƙa wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su gurza, shi kuma ya ci ribarsa a kwali. Kaset ba ya shiri da zafi da ƙura, faifan CD yana karcewa, faifan kwamfuta kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Duk wanda ya leƙa YouTube neman tsofaffin finafinan zamanin Sangaya zai ga da yawansu daga gajiyayyen kaset aka kwafo su, hoto na rawa, murya na shaƙewa. Ban da fim ɗin kansa, akwai takardun yarjejeniya da marubuta da mawaƙa, da lissafin kwalin da aka buga, waɗanda su ne hujja ranar da rigimar haƙƙin mallaka ta tashi.

Yanzu da yawa sun koma tura aiki ta Google Drive, amma a asusun kyauta mai gigabayit 15, wanda ɗanyen hoton yini guda ma zai iya cika shi. Sau da yawa kuma yaron da ke tace hoto ne ya buɗe asusun da lambar wayarsa, kalmar sirri tana kansa, ranar da ya bar kamfanin ya tafi da mabuɗin sito. Ga shi tun Disamba 2023 Google ya ba kansa damar goge asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Furodusan da ya loda mastarsa a irin wannan asusu ya juya baya, ya kamata ya leƙa ya gani ko tana nan.