Tauraruwar Sha'aban 396 da Abin da Haskenta Ya Faɗa

A farkon Sha'aban na shekarar 396 bayan Hijira, wato farkon Mayu 1006, wata tauraruwa ta bayyana a kudancin sama, a wurin da ba a taɓa ganin tauraro mai haske irin nata ba. Masana falaki na yau sun yarda cewa a duk abin da aka rubuta a tarihi, babu tauraruwar da ta kai ta haske.

Cikin waɗanda suka gan ta akwai wani saurayi a Masar, Ali ɗan Ridwan, wanda daga baya ya zama babban likita. A sharhinsa na littafin Batlamus ya rubuta cewa tana cikin burujin Akrab, girmanta ya kai na Zara sau biyu da rabi zuwa uku, haskenta kuma ya ɗara rubu'in hasken wata. Ibn Sina ya ambace ta a cikin Kitabus Shifa, Ibnul Jauzi da Ibnul Asir sun sa ta a tarihinsu, marubutan Sin da Japan su ma sun rubuta. Daga baya ta dusashe, aka manta da ita.

To, mece ce ita? Amsar sai da ta jira kusan shekara dubu, kuma ta fito ne daga hasken kansa. Idan haske ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, yakan watsu launi-launi kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana da layukan da yake bari a cikin wannan bakan, kamar yadda kowane mai rubutun allo yake da hannunsa. A 1941 Rudolf Minkowski, a Amurka, ya raba taurari masu fashewa gida biyu ta wannan hanya: masu layin haidurojin, da marasa shi.

Amma hasken 396 ya riga ya wuce, yaya za a auna shi? A nan rubutun magabata ya yi rana. Da wurin da suka kwatanta aka bi sawu, har a 1965 masana biyu a Ostareliya, Gardner da Milne, suka gano ɓurɓushinta da na'urar kama igiyar rediyo, a rukunin taurarin Kerkeci. A shekarun 1980 kuma aka auna bakan hasken wani tauraro da ke bayan ɓurɓushin, aka ga layukan ƙarfe, alamar haskensa ya ratso ta cikin tururin ƙarfe mai gudun tsiya. Wannan, da rashin wani kututture a tsakiya, ya nuna ƙaramar tauraruwa ce mai nauyin gaske da ta tarwatse gaba ɗaya. Nisanta da mu tafiyar haske ce ta shekara 7,000 da ɗoriya.

Ga abin lura, ya ku ɗalibai. Ɗan Ridwan ya rubuta abu biyu: abin da idonsa ya gani, da fassarar da ya yi masa, inda ya danganta tauraruwar da yaƙe-yaƙe da yunwa. Fassarar ba mai aiki da ita yau. Awon kuwa, wato rana da wuri da gwargwadon haske, har gobe ana kafa hujja da shi.

Daga nan Zongo, idan kuka fuskanci teku bayan isha'i a watan Mayu, wannan yankin na sama yana gabanku, ko da yake ɓurɓushin ba ya ganuwa da ido. Duk wanda ya ga wani abu a sama, ya rubuta ranar, da lokacin, da inda ya gan shi, kafin ya ce komai game da ma'anarsa.