Fiyano Ya Riga Jami'a Isa Matamaye

Matamaye, babban garin gundumar Kance, yana bakin titin da ya taso daga Damagaram, ya bi ta Ɗan Barto, ya shiga Daura, ya zarce Kano. Ta wannan titi waƙa da fim suka daɗe suna shigowa: da fari a kaset, daga baya a faifan CD, sannan a memori wurin masu tura waƙa, yau kuma ta WhatsApp da TikTok. Wanda ya kasa kunne a fadar samari ana dafa shayi zai lura cewa yawancin abin da ke tashi daga wayoyinsu babu fatar ganga ko tsirkiyar goge a cikinsa. Kiɗan na'ura ne zalla, an haɗa shi da fiyano da kwamfuta a situdiyo. Saboda haka duk jami'ar da za ta buɗe kwas na kiɗan lantarki da fasahar bidiyo a wannan yanki, ta sani cewa sana'ar ta riga ta zuwa da shekaru fiye da arba'in. Abin bincike shi ne me za ta ƙara a kan abin da situdiyo ke koyarwa.

A 1978 Mamman Sani Abdoulaye ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, da wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya mai suna Orla, wadda ya saya daga wani wakilin Ruwanda a taron UNESCO. Shekara da shekaru 'yan Nijar suna jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, amma sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin, duniya ta san da shi. A Kano kuwa, bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙoƙin nanaye, musamman da fim ɗin Sangaya ya yi kasuwa. Tasirin ya haura arewa har ƙasar Abzinawa: Mdou Moctar ya sauko Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa Anar, aka tace muryarsa da Auto-Tune kamar yadda ake yi wa mawaƙan finafinan Hausa. Shi kuma Hama, direba a Yamai, ya yi suna ta hanyar tura kiɗansa daga waya zuwa waya kafin a buga masa faifai a 2015. A bakin aiki duk suka ƙware.

Makarantu ma suna da nasu tarihin. Moustapha Alassane, wanda ya yi fim ɗin zane mai motsi Bon Voyage Sim a 1966 bayan ya samu horo a Kanada wurin Norman McLaren, ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai tsawon shekaru 15. Cibiyar IFTIC ta Yamai ta horar da masu fim ɗin gaskiya har matakin masta, kuma daga nan Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta fito. Fim ɗinta Zinder na 2021, kan matasan unguwar Kara-Kara, ya nuna abin da horo ke yi idan ya haɗu da ɗan gari. A ƙetaren iyaka, Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa tsangayar sadarwa a 2015, sannan a 2020 hukumar kula da jami'o'in Najeriya ta rarraba digirin aikin jarida gida bakwai, ɗaya daga ciki na fim da kafofin zamani. Sai dai galibin waɗannan kwasa-kwasai sun fuskanci gidan rediyo da talabijin da fim mai labari. Sauti shi ne maraya a cikinsu. Ga kuma nisa: Yamai tana kusan kilomita 900 daga Damagaram, alhali Kano ba ta kai 250 ba, ɗan Matamaye kuwa ya fi Badamagare kusa da ita. Jami'ar André Salifou ta Damagaram, wadda aka kafa a 2010, ita ce ke wurin da ya dace da wannan aiki.

Abu na farko da situdiyo ba ya koyarwa shi ne sanin abin da na'ura ke yi wa kunne. Fiyano ya zo da ma'aunin Turai, mai raba sauti gida goma sha biyu daidai wa daida. Gurmi da goge da algaita ba a kan wannan ma'auni aka ɗaure su ba. Yawancin kiɗan gargajiyar Hausa a kan sautuka biyar yake yawo, yana lanƙwasa a tsakaninsu. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kalangu ke iya yin kirari mai sauraro ya gane. Auto-Tune, idan aka matse shi, yana fizgar murya zuwa sautin fiyano mafi kusa, ya share wannan lanƙwasa. Yaron situdiyo ya san maɓallin da zai danna, domin haka ya ga maigidansa yana yi, kuma mai waƙa yana tsaye yana jiran aikinsa. Ɗalibin da aka ba zango guda ya naɗo algaitar fadar Damagaram, ya auna sautukanta, ya sake saita manhajar kiɗa ta bi su, ya yi abin da kasuwa ba za ta taɓa biyan kuɗinsa ba. Wannan aikin jami'a ne.

Na biyu shi ne inda za a fara ba da tarihi. Littattafan wannan fanni sun saba farawa daga Faransa, da gwaje-gwajen Pierre Schaeffer na 1948. Amma tun 1944 Halim El-Dabh, ɗalibi a Alƙahira, ya naɗi taron zar, wani nau'in girka mai kama da bori, ya kai gidan rediyo ya sarrafa muryoyin da na'ura. Malamin da ya fara darasinsa da El-Dabh da Mamman Sani kafin ya kai ga Schaeffer ya bi tsarin shekaru daidai a kan El-Dabh, kuma ya nuna wa ɗalibi cewa abin da ke ƙofar gidansa ya isa a yi gwaji da shi. Ɗaliban zane na Zariya sun yi irin wannan jayayya da malamansu Turawa a 1958, kuma daga cikinsu aka samu Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya.

Fasahar bidiyo, wato hoto mai motsi da ake yi don baje koli ba tare da jarumi da soyayya ba, ita ce za ta fi zama baƙuwa. Duk da haka Kance tana da abin faɗa da ita. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga wannan gunduma. Duniya ta ji labarin a alƙaluman kafofin watsa labarai da rahoton ƙungiyoyin agaji. Muryar waɗanda aka bari a gida, da ɗakunan da aka rufe, da saƙonnin murya da ke zuwa daga Tamanraset ta Aljeriya, wanda ya tashi a nan ne zai iya shiga ya ɗauko su ba tare da tafinta ba.

Cikas ɗin ba ɓoyayye ba ne. A 2016 an soke shirin gina dandalin fim a Kofa ta jihar Kano bayan malaman addini sun yi ca a kansa, kuma iyayen Matamaye suna sauraron wa'azin waɗannan malamai. A Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, abin da ya isa ya sa duk mai tsara ɗakin naɗar sauti ya fara lissafi da hasken rana. Mafi nauyi dai shi ne ƙofar shiga. Jami'a tana neman takardar bakaloreya, tana koyarwa da Faransanci, alhali da yawa daga masu haɗa kiɗa da tace bidiyo sun bar lakwal da wuri, ko kuma allo suka yi. Kundin da gwamnatin Nijar ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, don haka hujjar hana gajeren kwas na shaidar ƙwarewa da Hausa ta yi rauni. Saura batun malamai. Cibiyar horar da makaɗa ta Elhadji Taya da ke Yamai ta yi aiki da Malam Maman Barka saboda hannunsa a gurmi, kuma shi ne ya je gaɓar tafkin Chadi ya koyo biram wurin Boukar Tar kafin kiɗan ya ɓace. Jami'ar Damagaram za ta buƙaci ƙa'idar ɗaukar aiki da ke ba makaɗin fada da mai situdiyon da ba shi da digiri damar tsayawa gaban aji, a kuma biya su.