Daga Ganye Zuwa Tuƙar Rake: Tarihin Mazubin da Ake Ci a Yar

Mazubin abincin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar ya girmi roba da ɗaruruwan shekaru. A jihohin Odisha da Jharkhand na Indiya, har gobe mata na tsinko faffaɗan ganyen bishiyar sal, su jera shi, su ɗinke gefensa da ƴan siraran tsinkaye ya zama faranti, a ci shinkafar biki a kai a watsar, ƙasa ta cinye shi. A Ghana, waakye, wato shinkafa da waken nan da sunansa ya samo asali daga Hausa, an saba ƙunshe shi a ganyen katemfe, wanda ake naɗe alale da shi a kudancin Najeriya. Ba a taɓa kiran ganyen nan da sunan mai kare muhalli ba, domin bai jawo wata matsalar da za a yi magana a kanta ba. Tarihin abin da ya biyo bayansa yana nuna abu guda: ba a gane kirkin mazubi daga abin da aka yi shi da shi kaɗai, sai an bi sawunsa zuwa inda yake ƙarewa bayan an gama cin abincin.

Tsoron cuta ne ya haifi mazubin yarwa na zamani. A farkon ƙarni na 20, jiragen ƙasa da makarantun Amurka suna da randar ruwa da moɗa guda ta ƙarfe, kowa ya zo ya kafa baki, alhali tarin fuka na kashe mutane birjik. A 1907 wani lauya a Boston, Lawrence Luellen, ya ƙirƙiro kofin takarda mai rufin kakin da ke hana shi jiƙewa, shi da Hugh Moore suka mai da shi sana'a. Likita Samuel Crumbine ya sa jihar Kansas ta haramta moɗar gayya a 1909, wasu jihohi suka bi sahu, sai annobar mura ta 1918 ta ƙarasa aikin. Kofin da aka fara sayarwa da sunan Health Kup ya koma Dixie a 1919. A waɗannan shekarun ne kuma Martin Keyes na jihar Maine ya ƙera injin da ke matse niƙaƙƙen katako ya fitar da faranti. Ya kamata a riƙe wannan, saboda masu sukar mazubin yarwa kan manta cewa ya ceci rayuka, kuma duk wanda zai maye gurbinsa dole ya cika wannan sharaɗi na tsabta.

Roba ta shigo ne ta ƙofar arha. Kamfanin Dow ya samar da kumfar folistirin a shekarun 1940, kamfanin Dart ya fara fitar da kofin kumfa a 1960, McDonald's kuma ya rungumi akwatin kumfa mai murfi a tsakiyar shekarun 1970. Wannan shi ne kakan farar robar tekawe da ake zuba mana shinkafa a ciki. Wanda ya taɓa riƙe ta ya san dalilin karɓuwarta: kusan duk jikinta iska ce, ba ta da nauyi, tana riƙe zafi, mai ba ya ratsa ta, ga ta da araha. Waɗannan siffofin ne kuma suka zama aibinta. Rashin nauyin ya sa kwashe ta zuwa masana'antar sake sarrafawa ba ya biyan kuɗin mota, maiƙon da ya ɓata ta ya sa ba mai saye, in ta faɗa kwata sai ta taso saman ruwa ta dagargaje ƙanana-ƙanana ba tare da ta ruɓe ba. Birnin Berkeley ya hana ta a 1988, a 1990 kuma McDonald's ya jingine ta ya koma takarda bayan aikin haɗin gwiwa da ƙungiyar Environmental Defense Fund.

A nan akwai ƙorafi mai nauyi da bai kamata a kau da kai daga gare shi ba. A 1991 masanin sinadarai Martin Hocking na ƙasar Kanada ya wallafa nazari a mujallar Science, inda ya nuna cewa ƙera kofin takarda ya fi na kumfa cin makamashi da ruwa da sinadarai. Masu kare roba sun daɗe suna kafa hujja da shi, kuma lissafin nasa ba ƙarya ba ne a iyakar abin da ya auna. Sai dai awon ya fi ƙarfi a kan abin da ke faruwa cikin masana'anta. A garin da motar shara ke zuwa kowane mako, ana iya cewa bambancin bai taka kara ya karya ba. A garin da mazubi ke ƙarewa a magudanar ruwa ko a cikin tumbin akuya, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce tsawon zamansa a can. Bangladesh ta haramta siririyar leda a 2002 ne bayan ta ga yadda take toshe magudanai lokacin ambaliya, wannan dalilin ne kuma gwamnatin Legas ta bayar da ta hana robar kumfa a Janairun 2024.

Amma ma'aunin nan bai bar sababbin kayan ba. Robar PLA, wadda ake yi daga sitacin masara, an san sinadarinta tun aikin Wallace Carothers a kamfanin DuPont a 1932, sai dai ba ta shiga kasuwa da yawa ba sai da Cargill da Dow suka buɗe masana'antarta a garin Blair na jihar Nebraska a 2002. Ana tallata ta da cewa tana ruɓewa, kuma haka ne, amma sai a wurin haɗa taki na masana'anta inda zafi ke kai wajen digiri 58 tare da danshi na tsawon makonni. In aka jefa ta bola ko kogi, zamanta zai yi tsawo kamar na ƴar'uwarta ta man fetur. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Yulin 2021, wadda ta hana faranti da cokula da tsinken shan lemo na roba, ba ta ware irin wannan roba ta ce an yafe mata ba. Kofin takarda ma yana da siririn rufin leda a cikinsa da ke wahalar da masu sake sarrafa shi.

Wanda ya fi kusa da cika alkawari shi ne farantin tuƙar rake, wato abin da ya rage bayan an matse ruwan rake a masana'antar sukari. Ana jiƙa tuƙar, a dama ta kamar kunu, a zuba a ƙirar ƙarfe mai zafi a matse, dabarar Keyes ke nan da sabon kayan aiki. Ba a sare bishiya dominsa, kuma yana ruɓewa. Shi ma ya zo da nasa tabon: domin kada miya ta ratsa shi, masana'antu da yawa sun riƙa zuba masa sinadaran PFAS, waɗanda ba sa narkewa a ƙasa ko a jikin mutum. Denmark ta hana su a takardar ƙunshin abinci a 2020, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta sanar a 2024 cewa an daina sayar da su don wannan aiki. An gyara kuskuren ne bayan an yi shekaru ana zuba farantin cikin taki da sunan alheri.

Za a ce ganye ba ya ɗaukar miyar kuka, ba ya jure tafiyar babur, kuma mai sayar da abinci da ke lissafin ribarta da naira ba za ta sayi faranti mai tsada don a yaba mata ba. Gaskiya ne, kuma Indiya ta ɗanɗani hakan. A 2004 ministan jiragen ƙasa Lalu Prasad Yadav ya umarci a riƙa sayar da shayi a ƙoƙon yumɓu a tashoshi, tsada da nauyi da saurin fashewa suka sa abin bai ɗore ba. Abin da ya fi tafiya shi ne inda aka haɗa tsohon kayan da injin: a jihar Karnataka ana tsince kuben ganyen dabinon areka da ya faɗo da kansa, a wanke, a matse shi da zafi ya zama faranti mai ƙwari, ba tare da an ƙara masa wani sinadari ba. Da Indiya ta haramta faranti da kofuna da cokulan roba a ranar 1 ga Yulin 2022, masu wannan sana'a da masu tuƙar rake sun riga sun kafu, don haka dokar ta tarar da abin da za a koma gare shi.

A wajenmu tuƙar tana nan, daga masana'antar sukari ta Numan har zuwa wurin masu mazarƙwaila da ke hura wuta da ita a ƙarƙashin kasko. Tana da aikin yi tun yanzu, wanda ke nufin mai son yin faranti da ita sai ya biya fiye da darajarta a matsayin makamashi, sannan farantin ya iso hannun mai tuwo a farashin da bai yi wa na tekawe nisa ba.